Shekarar da Muka Yi wa Tafki Yasa

Ƙanena yana kirana ne da la'asar ɗin nan Guangzhou, lokacin da a can gida hantsi bai gama ɗagawa ba. Ya daina doguwar gaisuwa. Da ya tambayi lafiya da kasuwa sai ya gangaro kan maganar da ta dame shi, wato shanu. Ragowar garken gidanmu ne a hannunsa, gadon da ba a taɓa rabawa ba, kuma a wurinmu ba a kai saniyar gado kara, wato kasuwar shanu, sai babba a gidan ya buɗe baki ya ce a sayar. Ni ne babban yanzu, ba don na fi kowa hankali ba, sai don waɗanda suka girme ni duk sun riga mu gidan gaskiya. Shi yana can yana sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa yana zuba wa dabbobi a rabin duro, ni ina nan ina loda wa mutane tayil da fankoki a kwantena, amma bakina ake jira. Amsata kullum ɗaya ce, a dakata tukuna. Shi kuwa sai ya ce to, ya kashe waya, ni kuma in kwana da wannan to ɗin a kunnena.

Wata rana da ya gaji da dakatawata, sai ya ce, "Yaya, wai ƙasar nan da aka ce babu abin da ba sa ƙerawa, ba su da abin da zai sa tafki ya riƙe ruwa? In akwai, wallahi zan iya jure wani ranin." Na yi dariya na ce zan tambaya, alhali ban san wa zan tambaya ba, kuma da wane baki. Duk shekarun da na yi ina zirga-zirga a garin nan, Sinancina bai wuce na kanti ba: sannu, nawa ne, ya yi tsada, na gode. Da wannan ba a yin zancen tafki.

Allah da ikonSa, abin shi ya zo ya same ni. Ranar sama ta yi ta zubo ruwa irin na garin nan, wanda ba ya sallama kuma ba ya bankwana, na je sito a Huangpu duba kayan wani mutumin Kano. Sito ne da muke haɗa haya da wani abokina, mutumin zangon Kumasi, mai surutu da son tsokana, wanda ya fi ni jin Sinanci nesa ba kusa ba. Motar ɗaga kaya ta maƙwabcinmu ta yagi wani babban buhu a bakin ƙofa, wani gari mai launin toka ya zube, ruwan sama ya bi ta kansa. Leburori biyu suka zame suka faɗi suna zage-zage. Ni ma da na taka sai na ji ƙafata ta tafi ba da izinina ba, na dafa bango. Irin wannan santsin ban taɓa takawa a kan siminti ba, amma tafin ƙafata ya san shi. Na tsuguna, gwiwoyi suna ƙara, na damƙo abin. Ya kumbura a hannuna, ya yi yauƙi, yana silalewa tsakanin yatsu. Na kai hanci. Ƙamshin ma shi ne.

Abokina ya tsaya a kaina da lema yana cewa, "Alaji, mi ya same ka? Babba da kai kana wasan kasa?" Na ce ya tambayo min mai kayan ko mene ne wannan. Ya je ya dawo yana ƙyaƙyata dariya. Wai sunansa bentonayit, ƙasa ce ake haƙowa a busar a niƙe. Masu haƙar rijiyar burtsatse suna saye, amma wannan buhun na masu mage ne, ana zuba shi a ɗan baho a ajiye a lungun ɗaki don mage ta riƙa yin fitsari a kai, saboda yana tsotse ruwa ya dunƙule. Ya ce a garin nan ko mage tana da masai nata. Ya jira in taya shi dariya, ban taya shi ba. Na zauna a kan wani kwali da ƙasar a hannuna har ruwan ya tsagaita.

Mu ƙasar sabulu muke ce mata. Garinmu ba garin noma ba ne sosai, ƙasarsa baƙa ce mai tsagewa da rani har ƙafar ɗan akuya ta faɗa, amma ciyawa takan yi kyau, don haka kowa na da abin kiwo, Bahaushe da Bafillace, har ba ka iya raba garken wani da na wani sai da tsagar kunne. Duk rayuwar wurin tana rataye ne a kan tafki ɗaya da ke kwance a ƙasan wani dogon tudu. Rijiyoyinmu na mutane ne, ba sa isar dabba. Tafkin ne yake shayar da shanu tun daga ɗaukewar ruwa har zuwa faɗuwar na gaba, kuma ban taɓa jin an ce ya ƙafe ba a zamanin kakanni. A jikin tudun nan ake haƙo ƙasar sabulu. Innata da ita take wankin zannuwa, da ita take wanke mana kai in amosani ya kama mu, tana murzawa muna ihu tana cewa ai datti ne yake kuka ba mu ba. In ƙuraje suka fito wa yaro sai a shafe shi da ita, ya yi ta yawo fari fat, tsararraki suna masa waƙa. Saniya in cikinta ya ɓaci da kanta take hawa tudun ta yi ta lasa. Ba mu taɓa ɗaukarta a bakin komai ba, kamar yadda mutum ba ya gode wa iskar da yake shaƙa.

Har yanzu in na rufe ido sautin safiyar tafkin nake ji kafin in ga hotonsa. Da farko kirinjijiya suna fito a sama, sai kukan maruƙa da aka ɗaure a gida, sai kuma wani gunji mai nisa da ke ƙaruwa a hankali, kofatai ne suna gangarowa ta burtali. Kowane makiyayi da irin kiransa, kuma shanunsa ba sa amsa na wani. Sai ka ji shiru ya sauka gaba ɗaya lokacin da suka sa baki a ruwa, babu abin da ake ji sai zuƙa da hura hanci, da balbela tana sauka a doron bijimi. Aikina a lokacin shi ne tsare maruƙa kada su shiga zurfi, da wanke ƙoren tatsa, da kora jakin Inna in ya ɗauko tuluna. Ina ƙin aikin kamar me. Ina kallon tsuntsaye ina cewa da ni ne su, da na tashi ban dawo ba. To ga shi na tashi. Yanzu tagar ɗakina tana kallon titin Huanshi Lu ne, abin da ke gangarowa da safe motoci ne da babura masu batir waɗanda ba su da ko ƙara, sai dai ka ji ɗaya ya wuce ta gefen kunnenka.

Mai kula da tafkin Baffana ne, yayan mahaifina. Ana ce masa Sarkin Tafki, ko da yake ba wanda ya naɗa masa rawani, ya gaji abin ne kamar yadda ya gaji ƙaton hancinsa. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan harara. A hannunsa takun tafki yake, wanda shi ne babban aikin shekara a wurinmu, ya fi ƙaramar salla taro. In bazara ta yi nisa, ruwa ya ja baya ya bar gefe a tsattsage, sai Baffa ya sa rana. Maza su hau tudu da diga da fartanya, jakuna su yi ta sauko da mangala cike da ƙasar sabulu, mata da yara su farfasa ta da taɓare su baje a kan duk inda ya tsage. Daga nan sai a jira ruwan farko. Ranar da ya sauka, ƙasar ta jiƙa ta kumbura, sai a haɗo shanun garin kaf, a kora su cikin taɓon suna zagayawa, suna zagayawa, tun hantsi har rana ta karkata. Kofato ya nutse ya fito da wata irin ƙara, cwaɓ, cwaɓ, ɗaruruwa a lokaci guda, har a ƙirjinka kake jin ta. Mu samari muna tsakiya da sanduna, mu zame mu faɗi mu tashi, ba a gane ɗan wa da ɗan wa sai haƙora. Mata suna bakin gaɓa da fura da nono suna mana guɗa da shaƙiyanci. Baffa yana tsaye a kan wani kututture, in ya ga wurin da bai taku ba sai ya nuna da sanda. In aka gama, gindin tafkin yakan yi sumul, ruwa ya zauna a kai bai san hanyar ƙasa ba.

Doka ɗaya ce tak a kan tafkin: ba a ɗiban ƙasar sabulu a cikinsa. Ko da ta fi ta tudu laushi, ko da tana nan a gabanka ba sai ka yi hawa ba, haramun ne ka cika ko ludayi. Na taɓa ganin Baffa ya sa wata baƙuwar amarya ta mayar da ƙwarya guda da ta ɗiba, ta kuma take wurin da ƙafarta, mijinta na tsaye yana kallo. In ka tambaye shi dalili sai ya harare ka ya ce, "Haka muka tarar." Mu yara muka ɗauka maganar aljanu ce, tsofaffin mata ma haka suke gaya mana don mu ji tsoro. Na daɗe ina tunani a kan wannan, kuma abin da na gano shi ne, wanda ya kafa dokar ya san dalili, wanda ya bi shi wataƙila ya sani, amma kafin ta iso hannun Baffa dalilin ya zube a hanya, dokar ce kawai ta iso. Shi ma bai sani ba. Ya riƙe ta ne da amana, ba da ilimi ba, kuma muddin ba wanda ya zo da hujja, amanar ta wadatar.

Ina saurayi, gemu ya fara tsirowa, wasu mutane suka zo da mota suna yawo a daji suna tona ƙasa suna zubawa a 'yan jakunkuna. Ba da daɗewa ba suka dawo da tifa. Suka ce wani kamfani ne yake son ƙasar tudunmu, ana haɗa ta da ruwa a zuba a ramin rijiyar burtsatse don kada ya rufta. Muka yi ta mamaki, wai akwai mai sayen ƙasa. Dattawa suka ce ai ƙasa ba ta ƙarewa, a bar su su ɗiba. Ba zan yi musu ƙarya ba, mutanen nan ba su cuci kowa a ciniki ba, abin da suka ce za su bayar suna bayarwa. Rufin kwano ya fara ƙyalli a garinmu, kekuna suka yawaita, ni kaina da wannan aikin na sayi rediyona na farko, ina rataye shi a kafaɗa ina bin shanu ina jin kaina wani ne. Tudun kuwa ya riƙa raguwa ta gefe ɗaya kamar tuwon da ake gutsura. Ramuka suka buɗe, in damina ta yi sai su cika da ruwa mai santsi, maraƙi ya faɗa ya kasa fita. Takun tafki ya fara zama na jeka-na-yi-ka, saboda mai jaki ya gwammace ya kai mangalarsa bakin tifa. Baffa ya yi faɗa har ya gaji. Kafin mu farga, fartanya ta fara cin jan tsakuwa a inda da take cin sabulu.

Sai aka yi wata shekara da damina ta yi gardama. Ruwa ya ɗauke da wuri, tafkin bai cika ba, kafin bazara ya koma ɗan kududdufi a tsakiya, kore shar, shanu suna turereniya a kansa. Maruƙa suka yi ta mutuwa. A gidanmu kaɗai na ja gawar da ban so in tuna yawanta. A cikin wannan halin ne shugaban leburorin kamfanin, wani mutum mai ladabi da ke tsugunawa in zai gai da dattawa, ya zo da shawara. Ya ce ƙasar tudu ta ƙare, amma sun ga akwai mai kyau a gindin tafki. Katafilarsu za ta zurfafa mana tafkin kyauta, su kwashe abin da aka tono, mu kuma mu samu wurin da zai ɗauki ruwa ninkin na da. Ban yi imani mutumin nan ya san abin da zai biyo baya ba. Shi ƙasa yake nema, mu ruwa muke nema, kowa ya ga biyan buƙatarsa a rami ɗaya.

Aka taru a gindin tsamiya. Mu mutanen rijiya ne, kowa ya san in rijiya ta ja baya yasa ake mata, a shiga a kwashe taɓo a ƙara zurfi, ruwa ya dawo. Wannan ilimin shi ya kashe mu. Kowa ya ce ai tafki ma rijiya ce mai faɗin baki. Baffa ya ce bai taɓa jin an yi wa tafki yasa ba, kuma ba a ɗiban ƙasa a cikinsa. Sai wani dattijo tsaransa, wanda ya rasa fiye da rabin garkensa, ya ce da shi cikin sanyin murya, "To gaya mana don me. In akwai dalili, wallahi mun bari." Duk aka zuba wa Baffa ido. Na ga bakinsa yana motsi. Na ga yana neman abin a cikin kansa kamar mai laluben aljihu. Daga ƙarshe ya ce haka muka tarar, amma a karon nan muryarsa ba ta da ƙarfi, shi ma ya ji maganar ba ta kai nauyin gawar maraƙi ba. Wani daga baya ya ce ai mun tarar kakanni ba sa hawa mota ma. Aka yi 'yar dariya. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce a yi abin da jama'a ta gani. Ranar da katafila ta zo, shi ya yi addu'a, shi ya nuna mata inda za ta fara, saboda ya ce in za a taɓa tafkin to a taɓa shi a gabansa.

Mun yi murna, kada wani ya ce maka ba mu yi ba. Muna bin katafilar nan da gudu muna ihu, tana kwasar abin da kofatan kakannin shanunmu suka yi shekara da shekaru suna dannewa, tana zubawa a tifa. Ƙasar da ke fitowa toka-toka ce mai maiƙo. Ana nan sai wata rana da hantsi launinta ya sauya, bakin katafila ya fito da yashi rawaya, mai laushi, busasshe. Ashe ƙasar sabulun da muke zaton ta kai har ƙarƙashin duniya ba ta fi tsayin mutum ba. Mai tuƙi ya gwada can, ya gwada nan, ko'ina yashi. Suka kashe inji tunda ba yashi suka zo saye ba, suka yi mana sallama ta mutunci suka tafi. Baffa ya gangara cikin ramin shi kaɗai, ya damƙi yashin, ya buɗe hannu yana kallon yadda yake zubewa. Ina kusa da shi. Da yamma an dawo da tuwonsa yadda aka kai.

Daminar da ta biyo baya ta yi albarka. Tafkin ya cika ya tumbatsa har ya taɓa gindin itatuwan da bai taɓa kaiwa ba. Aka yanka rago, aka yi ta tsokanar Baffa, shi ma har ya yi murmushi, ina jin ya so ƙwarai a ce shi ne bai yi daidai ba. Ruwa na ɗaukewa sai Baffa ya fara kafa karan dawa a bakin ruwa kowace safiya. Washegari sai a tarar karan yana tsaye a busasshiyar ƙasa, ruwa ya matsa ya bar shi. Ya kafa wani. Karare suka jeru suna gangarawa cikin ramin, kowa yana wucewa yana gani, ba mai son ya yi maganar. Wasu suka ce aljanun tafkin ne suka yi fushi suke shanyewa, aka yi sadakar gumba, aka yi saukar Alƙur'ani. Ruwa dai bai fasa tafiya ba. Kafin sanyi ya wuce, tarwaɗa tana birgima a taɓo, shirwa tana ɗauka. Tafkin da ke kai mu har bazara a shekarar fari, ya ƙafe a shekarar wadata. A lokacin ne kowa ya san dalilin dokar, har da yaran goye. Garin gyaran gira muka rasa ido.

Baffa bai haƙura nan da nan ba. Ya sa rana kamar yadda ya saba, muka hau abin da ya rage na tudu, muka kankaro ɗan abin da za a kankara, bai rufe ko kusurwa ɗaya ta ramin ba. Ruwan farko ya sauka, ya ce a koro shanu. Suka shiga suna zagayawa a kan yashi, ramammu, haƙarƙari a waje. Babu cwaɓ, babu santsi, ba wanda ya faɗi, mata suna tsaye da ƙoren fura ba mai guɗa. Kofato ya shiga yashi ya fito, yashi ya koma yadda yake. Rana ba ta kai tsaka ba Baffa ya sauko daga kan kututturensa ya ce, "Ku sake su. Kada mu ƙara musu ƙishirwa." Wannan ne takun tafki na ƙarshe. Maƙwabtanmu Fulani su suka fara yin kudu, aka ce za su dawo da damina, ba su dawo ba. Gida-gida aka riƙa sa ƙaya a ƙofa. Ni na bi wata motar shanu zuwa Kano na fara dako a kasuwa, daga dako zuwa jiran kanti, daga nan har inda nake yau. Baffa bai daɗe ba ya rasu. Ƙanena ne ya ƙi tashi, ya ce wani dai ya zauna da abin da aka bari.

Duk wannan ya dawo min a kan kwalin nan a Huangpu, har na ji wani abu mai kama da sa rai, abin da na daɗe ban ji ba. Washegari na ja abokina muka je wurin mai buhunan. Lawban ɗin, haka ake kiran mai kanti a nan, mutum ne mai fara'a, ya zuba mana shayi a 'yan kofunan nan nasu da ba sa kashe ƙishirwar kaza. Ya ce ƙwarai ana liƙe tafki da wannan ƙasar, su ma manomansu suna yi. Ya tambayi girman tafkin. Na kwatanta masa da filin sitocin gaba ɗaya har zuwa bakin titi. Ya daina murmushi, ya danna waya, ya juyo mana da ita. Abokina ya duba, ya dube ni, a karon farko tun da na san shi ya rasa abin tsokana. Ya ce, "Alaji, wannan ba kwantena ba ne, layin kwantena ne. Ko an saida ni da kai ba ya isa." Kuma wannan kafin a yi maganar jirgi, da fitar da kaya a Legas, da tirelolin da za su bi hanyar da yanzu ko direban garinmu ba ya bi sai da addu'a. Lawban ya ce akwai leda mai kauri da ake shimfiɗawa, ta fi sauƙi. Na ce shanu za su shiga. Ya girgiza kai, ya ce kofato zai huda ta. Ya ƙara da cewa ko ƙasar ce ta isa can, sai an samu injin danna titi ya bi ta kai, in ba haka ba aikin banza ne. Na ce mu da shanu muke dannewa. Abin ya burge shi, ya tambayi shanu nawa muke da su. Na tuna hoton da ƙanena ya turo min, dukkansu a inuwar bishiya ɗaya, har da sauran wuri. Na shanye shayina na yi godiya.

Da zan tafi ya cika min 'yar leda da ƙasar kyauta, wai in kai samfur. Na karɓa don kada in kunyata shi. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na zauna da ita a cinya, wata yarinya da ke gefena ta ga hoton magen da ke jikin ledar, ta yi min murmushi ta nuna min hoton tata magen a waya. Na gyaɗa mata kai. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushi ba. Kamfanin nan ya daɗe da rushewa, dattawan gindin tsamiya duk suna kabari, yarinyar nan kuwa ba ta yi min komai ba.

Kwana biyu ina ganin kiran ƙanena ina barin wayar ta yi ta ruri. Na san in na ce masa akwai, zai ji rabin maganar ne kawai, ya ci gaba da sayar da akuya da hatsin gida yana saya wa shanu ruwa, yana jiran jirgin da ba zai zo ba. A rana ta uku na tsaya a ƙarƙashin gadar Xiaobei bayan sallar la'asar na ɗauka. Na gaya masa duka, ban rage ba. Na ce ƙasar tana nan, na riƙe ta da hannuna, ita ce dai ta tudunmu, amma ba za ta zo ba, kuma ko ta zo ba mu da ƙafafun da za su take ta.

Can ya ce, "To Yaya, ka faɗa da bakinka. Ni ba zan iya kai su kara da ra'ayina ba."

Mutane suna ture ni da buhunan kaya. Na ce, "Sayar."

Ya ce to. Sannan ya ce in dakata kada in kashe, gara in yi musu sallama tunda nawa ne su ma. Na ji takunsa a kan busasshiyar ƙasa, na ji yana kiran wata da suna, sunan da ban sani ba, don duk bayan tafiyata aka haife su. Ya kara wayar a bakinta. Na toshe ɗaya kunnen da yatsa saboda ƙarar motoci. Numfashinta ne kawai yake zuwa, mai nauyi, a hankali, tana shinshinar wayar ko ruwa ne aka kawo mata. Na tsaya a bakin titi da furfurata, ban san me ake ce wa saniya ba. Na ce mata ta yi haƙuri.